Idan Jiki Ya Ɗauki Rawa Da Tsakar Dare

Ƙannena maza da mata, akwai wani abu da ke samun da yawa daga cikinku, amma ba ku cika faɗa wa kowa ba. Mutum ya kwanta lafiya lau, can wajen ƙarfe biyu ko uku na dare ya farka jikinsa na makyarkyata. Wani har haƙoransa haɗuwa suke yi. Wani hannuwa ne kawai ke rawa, gabansa na dukan uku-uku. Wata kuma ta tashi sharkaf da gumi, gwiwa a sage, ta rasa abin da ya tashe ta. Kafin kiran assalatu abin ya lafa, gari ya waye, a yi wanka a tafi makaranta ko kasuwa kamar ba a yi ba. Bayan kwana biyu ya sake dawowa.

Na san yadda akan yi daga nan. Mai zurfin ciki zai yi shiru ya ci gaba da kwana cikin tsoro. Wanda ya faɗa a gida, kafin ya rufe baki an ce iska ce ta taɓa shi, ko an yi masa baki. Mai 'yan kuɗi a aljihu kuwa kemis zai nufa, ya ce a haɗa masa na maleriya da na taifot. Dukkansu abu ɗaya suka yi: sun raɗa wa abin suna tun ba su bincika shi ba. Wannan shi ne abin da nake roƙonku ku daina.

Karkarwa alama ce kawai, kuma abubuwa da yawa ne ke kawo ta. Ku dubi jariri. Kukan yunwa da na zazzaɓi da na tsorata duk kuka ne, amma uwa mai hankali ba ta ɗura masa magani don ya yi kuka. Sai ta taɓa goshinsa, ta duba zanensa, ta tuna rabonsa da nono. Irin wannan bin diddigin nake so ku riƙa yi wa jikinku. Galibin karkarwa ta hanya biyu take zuwa. Ko dai jiki na girgiza tsoka ne don ya samar da ɗumi, ko kuma wani sinadari da ake kira adirenalin, wanda ke fitowa daga wasu ƙananan halittu biyu da ke saman ƙoda, ya kwarara cikin jini. Shi ne ke sa zuciya gudu, tafin hannu ya yi gumi, yatsu su kama rawa. Tsoro na sakin sa, faɗuwar suga na sakin sa, wasu abubuwan da muke sha ma suna tsokano shi. Shi ya sa mai fargaba da wanda sugansa ya faɗi za su ba ka labari kusan iri ɗaya, alhali abin da zai ceci wannan daban yake da na wancan.

A ƙasarmu tambayar farko ita ce: da zazzaɓi ko babu? Ba a fara neman wani dalili sai an kawar da wannan. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya na 'yan shekarun nan sun nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Najeriya suke, Nijar kuma tana cikin ƙasashen da cutar ta fi yi wa kisa. Ƙwayar cutar tana hayayyafa ne a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Idan suka fashe, ƙwaƙwalwa sai ta ɗaga ma'aunin zafin da take so jiki ya kai, mutum ya ji sanyi har cikin ƙashi ko da kuwa a watan Afrilu ne. Ya nemi bargo, ya yi rawar ɗari, sannan jiki ya yi rau da zafi, daga baya gumi ya karyo. Wannan jerin, sanyi sannan zafi sannan gumi, kowa a cikinmu ya san shi.

Sai dai sanin da muka yi masa ne ke cutar da mu, domin mun mai da kowace rawar ɗari maleriya. Cutar da ta hau ƙoda daga mafitsara tana sa rawar ɗari mai tsanani, da ciwon kwiɓi da zafin fitsari. Ciwon huhu ma haka. Macen da ta haihu ko ta yi ɓarin ciki cikin 'yan kwanakin nan, idan ta kama rawar ɗari, a kai ta asibiti a daren, kada a ce ai jego ne. Tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa gwaji kafin a ba da maganin maleriya, kuma gwajin nan na ɗigon jini daga yatsa bai wuce minti 15 zuwa 20 ba. Idan ya nuna akwai, a sha maganin ya ƙare, sau shida ɗin nan cikin kwana uku, ba a tsaya a rana ta biyu don an ji sauƙi ba. Idan ya nuna babu, to a ci gaba da nema. Ma'aunin zafin jiki abu ne mai araha, kuma ya kamata a ce kowane ɗakin ɗalibai yana da guda. Wanda ya ga 38 ko sama da haka, ya san zazzaɓi ne, ba sai an yi ta taɓa wuya ana gardama ba.

To idan jiki ba zafi fa, sai ma sanyi da danshin gumi? A nan ne nake so in daɗe, domin wannan, wato ta faɗuwar suga, ita ce karkarwar da ke iya kisa kafin asuba, kuma ita ce wadda cokalin sikari ke iya tsayarwa.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, kuma kusan duk daga sugan jini take samun sa. Ba ta da rumbun ajiya. Hanta ce ke riƙe da tanadi, wajen giram 100, tana sakin sa kaɗan-kaɗan tsakanin tuwon dare da karin kumallo. Idan suga ya sauka ƙasa da 70 a na'urar gwaji, wato 3.9 a ɗaya ma'aunin, ko 0.70 yadda ake rubutawa a asibitocin Nijar da Kamaru da Cadi, jiki sai ya saki adirenalin don ya tilasta wa hanta ta ƙara fitarwa. Karkarwa da gumi da bugun zuciya da yunwa mai ƙwaƙular ciki daga nan suke. Idan ya ci gaba da sauka ya wuce 54, ƙwaƙwalwar ce da kanta ke fara gazawa: magana ta sarƙe, ido ya yi dishi-dishi, mutum ya yi ta surutai ko faɗa ba dalili, daga nan sai jijjiga da suma. Haɗarin dare shi ne barci yana dusashe gargaɗin farko. Wani ba zai farka ba sam. Abin da za a gani kawai shi ne zanin gado jiƙe, da mugayen mafarkai, da ciwon kai da safe.

Wanda wannan ya fi shafa shi ne mai ciwon suga da ke yin allurar insulin, ko mai shan irin ƙwayoyin nan da ke matsa wa jiki ya fitar da insulin, kamar gilibenkilamaid wanda aka fi sani da Daonil. Mai shan metfomin kaɗai da wuya hakan ta same shi. Yadda abin ke faruwa ba wuya: an yi allurar yamma an ci abinci kaɗan, ko an sha ƙwaya an kwanta ba a ci ba don ba marmari, ko an buga ƙwallo da la'asar, tsoka ta ci gaba da zuƙe suga har cikin dare. Wani kuma ya haɗa maganin asibiti da jiƙon gargajiya da aka ce yana sauke suga, ba tare da likita ya sani ba.

Za ku ce ai wannan ciwon tsofaffi ne. Ko da haka ne, su wa ke kwana a ɗakin kaka? Su wa ake tasa da dare idan Baba ya fara wani abu da ba a gane ba? Ku ne. Tsohon da ƙodarsa ta yi rauni, maganin yakan daɗe a jikinsa fiye da ƙima. Idan kuka ga dattijo mai shan maganin suga ya tashi da dare yana gumi yana rawar jiki, yana kallonku kamar bai san ku ba, kada ku tsaya kiran maƙwabta a zo a yi shawara. In yana iya haɗiya, ku dama babban cokali ɗaya na sikari ko zuma a ruwa kaɗan ku ba shi, ko rabin kofin lemon kwalba mai zaƙi, ko dabino uku in zai iya taunawa. Kimanin giram 15 ke nan. Ku jira minti 15, ku gwada in akwai na'ura, in bai haura 70 ba ku ƙara. Da ya dawo hayyacinsa ku ba shi abinci mai riƙe ciki, burodi ko kunu ko ɗumame. Kuma ko ya ware sarai ya ce lafiyarsa ƙalau, in irin waɗannan ƙwayoyin yake sha, ku kai shi asibiti, domin sugan na iya sake faɗuwa bayan sa'o'i. In kuwa ya suma ko ba ya iya haɗiya, kada ku ɗura masa komai, zai sarƙe ya shiga huhu. Ku kwantar da shi ta gefe, ku nemi mota, a je a sa masa ruwan gulukos ta jijiya. In babu na'urar gwaji kuma kuna shakka ko sugan hawa ya yi ko sauka, ku ba da sikarin. Cokali ɗaya ba zai halaka wanda nasa ya hau ba, amma rashinsa na iya halaka wanda nasa ya faɗi.

Akwai kuma 'yan uwanku matasa da ke rayuwa da allurar insulin tun suna yara. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda da yawansu ke ɓoyewa, musamman 'yan mata, don gudun kada a ji a fasa aurensu. Yarinya tana makarantar kwana ko jami'a, tana shiga banɗaki ta yi allura a ɓoye, abokan ɗakinta ba wanda ya sani. Ranar da ta fara karkarwa da surutai da tsakar dare, za su taru a kanta suna tofi, alhali ga sikarin shayi nan a kan tebur. Ƙanwata, ki zaɓi mutum ɗaya a ɗakin da kika yarda da ita ki gaya mata, ki nuna mata inda kike ajiye alewa ko dabino. Ki riƙa gwadawa kafin ki kwanta, musamman ranar da kika yi zirga-zirga da yawa. Idan abin na maimaituwa, kada ki daina allura da kanki, ki koma wa likita ya gyara miki adadin. Kafin azumi ma da wasu makonni ki je a tsara miki, kuma ki sani likitoci da malamai sun haɗu a kan cewa wanda sugansa ya sauka ƙasa da 70 ya karya azumin nan take, ko da saura kaɗan a sha ruwa.

Wanda ba ya shan maganin suga kuwa, gaskiya ita ce da wuya nasa ya faɗi har ya kai matakin haɗari, domin hanta lafiyayya tana iya riƙe mutum dare guda ko bai ci ba. Saboda haka kada kowa ya riƙa cewa “sugana ne ya faɗi” ya tsaya a nan. Amma akwai yanayin da ke kawo shi. Maleriya mai tsanani tana sauke suga, maganin kwinin ma haka, musamman ga mai juna biyu. Giya a kan yunwa tana shagaltar da hanta ta kasa sakin tanadinta. Ga kuma irin cin da ɗalibai ke yi: a yini a kan lemo da biskit, da dare a sha shayi mai sikari cokali biyar da farin burodi. Sugan ya yi sama da sauri, jiki ya saki insulin da yawa, bayan awa biyu zuwa huɗu wasu su ji jiri da rawar hannu. Wake, gyaɗa, ƙwai, fura da nono, ko tuwon dawa da miyar ganye sun fi riƙe dare. In abin ya ƙi ƙarewa, a gwada jinin a daidai lokacin da ake karkarwar. Gwajin da aka yi washegari da hantsi bayan an karya ba zai nuna komai ba.

Yanzu ga wadda na yi imani ta fi yawa a cikinku, kuma ita aka fi jin kunyar ambata, wato damuwa.

Ba na cikin masu cewa yaran yanzu ba su da matsala. Na ga abin da kuke ɗauke da shi. Yaro ya zana JAMB sau biyu ko uku, ƙannensa na neman cim masa. Waɗanda suke jami'a a 2022 sun zauna a gida wata takwas saboda yajin aikin malamai, shekara ta tafi a banza. Wani ya gama hidimar ƙasa yana zaune, kullum sai ya miƙa wa mahaifinsa hannu. Wata ana yi mata gorin aure safe da yamma, wata kuma an yi auren tana haɗiyar baƙin ciki. Da rana hayaniya na rufe waɗannan. Da dare, idan gari ya yi tsit, ba abin da ya rage sai mutum da tunaninsa. Jiki kuwa ba ya bambance tsakanin ɓarawon da ya hauro katanga da tunanin bashin da za a zo karɓa gobe. Adirenalin ɗaya yake saki.

Akwai abin da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani sarai, wato farmakin firgici. Yana iya tada mutum daga barci ba tare da ya yi wani mafarki ba. Zuciya ta yi ta bugawa, numfashi ya yi sama-sama, ƙirji ya ɗaure, jiki ya ɗauki rawa, mutum ya tabbatar a ransa cewa mutuwa ce ta zo. Yakan kai ƙololuwa cikin minti goma, sannan ya fara sauka. Saurin numfashin da ake yi yana rage iskar da ya kamata ta saura a jini, shi ya sa yatsu da leɓɓa ke yin kamar ana tsira musu allura, wani lokaci har yatsun su ƙage. Wannan sai ya ƙara tsoron, tsoron ya ƙara saurin numfashin. Daga baya mutum ya fara tsoron kwanciya ita kanta, rashin barci kuma ya sa daren gobe ya fi na yau muni.

Ga waɗanda suka ga tashin hankali da idonsu, lamarin ya fi haka nauyi. Wanda ya taɓa gudu cikin dare daga ƙauyensu a Zamfara ko Katsina ko gabashin Sakkwato, ko ya tsallaka Maraɗi da kayan jikinsa kawai, ko ya taso a Borno a shekarun rikici, jikinsa na iya ci gaba da gadi ko bayan ya isa tudun mun tsira. Ƙarar babur da dare ta ishe shi. Bayan sace ɗaliban da aka yi a Ƙanƙara a Disambar 2020 da Jangebe a Fabrairun 2021, ba na mamakin ɗalibin makarantar kwana da ke farkawa yana rawar jiki don an buga ƙofa. Irin wannan ba ragwantaka ba ce, rauni ne da ya samu mutum, kuma ana maganinsa.

Abin da ke hana mu neman maganin shi ne yadda aka tarbiyyantar da mu. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, an ce namiji ba ya raki. Wanda ya ce yana cikin damuwa, sai a ce masa ba shi da tawakkali. Ni ban yarda da wannan ba. Riƙe sirri hali ne mai kyau, amma ba a kan ciwo ba. Mai tawakkali ma yana zazzaɓi, kuma ba wanda ke zarginsa in ya sha magani.

Idan farmakin firgicin ya zo maka da dare, ka tashi zaune, ka kunna fitila, ka sauke ƙafafunka ƙasa. Ka shaƙi iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ka fitar da ita a hankali ta baki kana ƙirga shida ko fiye. Fitarwar ce ke kwantar da zuciya, don haka ita za ka ja. Ka gaya wa kanka cewa wannan ya taɓa zuwa ya wuce. Ka yi alwala, ka yi addu'o'in da ka saba, ruwan da natsuwar duk suna taimakawa. Kada ka ɗauki waya ka shiga neman sunan cutarka a intanet a wannan lokaci, ba abin da za ka samu sai ƙarin tsoro. Da rana kuma ka yi abin da ya fi wuya: ka sami mutum ɗaya, yaya ko kawu ko malami ko aboki mai hankali, ka buɗe masa cikinka. Idan abin ya kai makonni yana hana ka karatu ko sana'a, ko ka fara jin gara ka mutu ka huta, kada ka ƙara kwana ba ka faɗa ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, manyan asibitocin koyarwa kuma suna da sashen. Zuwa can ba ya nufin hauka. Galibin masu zuwa da ƙafarsu suke zuwa su koma bakin aikinsu. Wasu da zaman tattaunawa kawai suke warkewa. Abin da nake gargaɗinku da shi shi ne sayen ƙwayar barci a kemis, irin su D5. Za ta kwantar da kai mako ɗaya ko biyu, daga nan jiki ya saba, ranar da ba ka sha ba karkarwar ta dawo ta ninka. Kuma wanda abin ya zo masa karon farko da ciwon ƙirji, ya bari a duba zuciyarsa da jininsa tukuna kafin a ce damuwa ce.

Ku duba abin da kuke sha kuma. Mai karatun dare ya haɗa Nescafé da lemon ƙara kuzari, ɗan majalisa ya sha shayi ɗauri uku bayan isha'i, wani goro ne a bakinsa tun la'asar. Sinadarin kafeyin da ke cikinsu yakan ɗauki kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jini. Abin da ka sha ƙarfe takwas, rabinsa na nan ƙarfe ɗaya na dare. Ka bar su daga azahar har mako biyu ka ga ko za a sami canji.

Maganar tiramol da kodin ba zan yi ta da zagi ba, domin na san da yawa ba don shashanci suka fara ba. Ɗan acaɓa da lebura da mai haƙar zinare sun fara ne don su jure aiki, wata kuma ƙawa ce ta ba ta don ta manta ɓacin rai. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol da kodin ne. A watan Mayun 2018 gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Waɗannan ƙwayoyi ta fuska biyu suke girgiza mutum. In sun yi yawa, tiramol na jefa mai shan sa cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, yana kuma iya sauke suga. In kuma jiki ya saba aka yi jinkirin sha, sai ga karkarwa da gumi da hamma da yoyon hanci da ƙafafun da suka ƙi zama wuri ɗaya, kuma da dare abin ya fi tsananta. Idan kai ne, ka riga ka san dalilin rawar jikinka. Kada ka yanke lokaci ɗaya kai kaɗai a ɗaki, wahalar za ta mai da kai. Ka je a rage maka sannu a hankali a hannun likita.

Ban zo in yi musu da kowa a kan aljanu ba, kuma ba zan hana kowa addu'a ba, ni ma da ita nake kwana. Abin da nake cewa shi ne addinin da ya koya mana neman tsari shi ne ya umarce mu da neman magani, kuma ɗaya ba ya hana ɗaya. A yi tofi a mota a kan hanyar asibiti. Abin da ba zan taɓa yarda da shi ba shi ne a rufe yarinya a ɗaki da hayaƙi, ko a yi ta dukanta da sunan fitar da aljani, alhali ba a ko gwada jininta ba. Wasu abubuwan da ake danganta wa iska ma ba ciwo ba ne. Zaburar nan da mutum ke yi yana fara barci, ya ji kamar ya faɗa rami, mafi yawan mutane suna yin ta, gajiya da shayi ke ƙara ta. Dannau kuma farkawar ƙwaƙwalwa ce kafin tsokoki su farka daga sakin da suke yi lokacin mafarki. Yana da ban tsoro, amma yana wucewa cikin ɗan lokaci, kuma ya fi samun mai ƙarancin barci.

Wadda ba a wasa da ita ita ce farfaɗiyar da ke zuwa cikin barci. Shi mai ita bai san ya yi ba. Zai tashi ne da gefen harshe a cije, ko fitsari a shimfiɗa, jiki duk ciwo, kai a ɗaure. Abokin kwanansa ne zai ce ya ga ya sandare yana jijjiga, an kira shi bai amsa ba. Bambancin ke nan da sauran: mai karkarwar fargaba ko zazzaɓi yana ji yana amsawa. Farfaɗiya ba a ɗaukar ta ta yawu ko ta taɓawa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan bakwai cikin goma na masu ita za su iya rabuwa da faɗuwa in sun sami magani daidai. In ka ga ɗan ɗakinku a wannan hali, ka janye abin da zai ji masa rauni, ka sa masa abu mai taushi a ƙarƙashin kai, ka juya shi ta gefe in ya lafa. Kada ka cusa masa cokali a baki, kada ka danne shi, kada ka watsa masa ruwa. In ta wuce minti biyar, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, sai asibiti. Mai juna biyu kuwa ko sau ɗaya ta yi jijjiga, ba a jiran gari ya waye.

Akwai wasu dalilan da ba su kai waɗannan yawa ba. Halittar nan ta gaban wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, idan ta yi aiki fiye da ƙima tana sa rawar yatsu, da ramewa duk da yawan ci, da jin zafi ko cikin hunturu, kuma mata ta fi samu. Abin shaƙar masu asma yana sa hannu rawa na ɗan lokaci. Ƙarancin jini, musamman ga mai yawan zubar jinin al'ada, yana iya hana ƙafafu natsuwa da dare. Gwajin jini na gano na farko da na ƙarshe.

Ranar da za ku ga likita, kada ku je da “jikina ne ke rawa” kawai. Ku samu ɗan littafi ku riƙa rubutawa tun yanzu: ƙarfe nawa ya zo, minti nawa ya yi, da zafin jiki ko da gumi mai sanyi, me kuka ci da daren kuma yaushe, me kuka sha, me ya faru da ranar, ya lafa da kuka ci wani abu ko da kansa ya wuce. In akwai wanda ya gani, ku tafi tare, ko ya ɗauki bidiyo da waya in kun amince. Ku zuba duk magungunan da kuke sha a leda ku tafi da su, har da jiƙon gargajiya da wanda kuka saya a tasha, har da wanda kuke jin nauyin a gani. In kuna son magana ba a gaban iyaye ba, ku roƙi likitan ya ba ku minti biyar ku kaɗai, aikinsa ya ɗora masa riƙe sirrin abin da kuka faɗa.